Daga Matamaye zuwa filin Langa-Langa: da wane ma'auni ake zaɓen ɗan kokowa?

Daga bugu na 40 zuwa na 45 na gasar takobin ƙasa, takobi bai koma Damagaram ba. Yayin da gundumomin jihar, ciki har da Kance, ke tace samarinsu kowace kaka, yadda Amurkawa ke auna ƙatti kafin su zuba musu miliyoyin dala na iya haska abin da masu zaɓen ƴan kokowa ke gani da abin da ke kuɓuce musu.

Da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, ganga kan tashi a ƙauyukan ƙasar Kance. Samarin da suka share damina a gona da fadamun rake sukan ɗaura walki, kowane gari ya fito da wanda yake taƙama da shi. Daga waɗannan filaye ne ake fara tacewa: gunduma ta fitar da nata a Matamaye, a haɗu da na Magarya, Mirya, Gure, Tanut da sauran gundumomi, sannan jiha ta tsayar da mutum 10 da za su ɗauki sunanta.

Wannan adadi shi ne tushen maganar. Kowace daga cikin jihohi 8 na Nijar tana kawo ƴan kokowa 10, jimilla 80. Jihar da ta yi kuskure a mutum biyu ko uku ta riga ta zubar da kaso mai yawa na damarta tun kafin alƙalin wasa ya busa usur.

Abin da tsarin gasar ke nema

An fara gasar a 1975 a Tawa, zamanin mulkin Seyni Kountché, kuma Yacouba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan Maraɗi, shi ya fara ɗaukar takobi. Damagaram na da nata tarihin: filin kokowar birnin yana ɗauke da sunan Langa-Langa, Alio Salaou ya kawo takobi a 2013, Tassiou Sani kuma ya riƙe shi a gida a bugu na 39, cikin 2018. Bayan nan sai zamanin Kadri Abdou na Doso, wato Issaka Issaka, wanda ya cika takobi 6 a Agadas a Disamban 2023, kafin Abba Ibrahim na Yamai ya karɓi sarautar a Doso a Disamban 2024.

Tsarin gasar ba ya yafiya. A kwanakin farko kowace jiha tana karawa da sauran jihohi 7, kuma waɗanda ba a kayar ba ne kawai ke wucewa zuwa zagayen neman takobi. Babu rabon nauyi: mai kilo 80 na iya faɗawa hannun mai kilo 120. Saboda haka abin da ake nema ga ɗan kokowa ya wuce bajintar yini guda. Ana neman wanda zai shiga fili kwana bayan kwana, da abokan karawa iri-iri, bai yi sakaci ko na daƙiƙa ɗaya ba.

A nan ne tacewar gunduma ke da rauni. Gasar kwana ɗaya ko biyu tana nuna wanda ya tashi da sa'a a ranar. Ba ta nuna yadda gwiwarsa za ta kasance a rana ta shida, ko abin da zai yi idan ya haɗu da wanda ya fi shi tsawon hannu.

Yadda Amurkawa ke auna katanga

A ƙwallon Amurka, wadda ta yi kama da zari-ruga, akwai wani matsayi da aikinsa ya fi kusa da kokowa fiye da gudu da ƙwallo. Ƙatti 5 ne ke jeruwa a gaban mai jefa ƙwallo don kada abokan hamayya su cim masa, kuma biyun da ke bakin layin, hagu da dama, su ake kira takil. Sai a ce katangar gefe. Aikinsu shi ne tare mutum mai gudu da ƙarfi, su riƙe shi da hannu da ƙirji, su ja da baya ba tare da sun faɗi ba, sau da dama a wasa guda. Na hagu ya fi tsada, domin yana tsare bayan mai jefa ƙwallo na-dama, ɓangaren da idonsa ba ya gani.

Ƙungiyoyi 32 na babbar gasar NFL ba sa sayen ɗaliban jami'a yadda suka ga dama. Tun 1936 suke da tsarin zaɓe: a ƙarshen watan Afrilu, cikin zagaye 7, kowace ƙungiya tana ɗaukar ɗan wasa bi da bi, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Ana ɗaukar mutum 250 da ɗoriya. Wanda aka ɗauka a sahun farko yana samun kwantaragin da ke canza rayuwar zuri'arsa, don haka kuskure na da tsada.

Kafin ranar, ana tara samarin a birnin Indianapolis cikin watan Fabrairu ko farkon Maris. Ana auna tsayi, nauyi, faɗin tafin hannu da tsawon hannu. Ana sa su gudun yadi 40, kimanin mita 36 da rabi, su ɗaga ƙarfe mai kilo 102 iya adadin da za su iya, su yi tsalle, su zagaya alamomi don a ga saurin juyawar ƙugu. Likitoci na duba kowace gaɓa da kowane tsohon rauni. Sannan a zauna da yaro a yi masa tambayoyi. Duk wannan ƙari ne a kan babban aiki, wato kallon bidiyon wasanninsa na jami'a, ɗaya bayan ɗaya.

Ga katangar gefe, masu zaɓe sun fi damuwa da abubuwa kaɗan: ko ƙafafunsa na da sauƙi duk da nauyinsa, ko yana iya lanƙwasa gwiwa ya yi ƙasa da ƙugu, inda yake sa hannu a karon farko, da yadda yake farfaɗowa idan an riga an ture shi. Duk tsohon ɗan kokowar da ya ji wannan jeri zai gane shi, domin shi ne abin da yake dubawa ga yaro a filin ƙauye.

Inda awo ya yi ƙarya, da inda ya yi gaskiya

A zaɓen 2025 an yi ta muhawara a kan Will Campbell na jami'ar LSU. Tsayinsa mita 1.98, nauyinsa kusan kilo 145, kuma ya riƙe gefen hagu shekara 3 tun daga shekararsa ta farko a jami'a. Amma da aka auna hannunsa a Indianapolis sai aka samu kimanin santimita 83, alhali ƙungiyoyi da yawa sun fi son daga 84 zuwa 86. A kan wannan ɗan bambanci aka shafe makonni ana gardama, wasu na cewa a mayar da shi tsakiyar layi. Ƙungiyar New England Patriots ta fifita abin da ta gani a bidiyo, ta ɗauke shi na 4, da kwantaragin shekara 4 na sama da dala miliyan 40, wato fiye da miliyar 20 na kuɗin sefa.

Tarihi ya ba kowane ɓangare hujja. A 1989 Green Bay Packers ta ɗauki Tony Mandarich na jami'ar Michigan State a matsayi na 2. Girmansa, saurinsa da ƙarfinsa sun sa ƴan jarida sun ce ba a taɓa ganin irinsa ba. Bai yi abin kirki ba, aka sallame shi a 1992, daga baya kuma ya amsa da bakinsa cewa ya sha ƙwayoyin ƙara ƙarfin jiki a jami'a, ya kuma kamu da jarabar magungunan kashe zafi. Mutum 3 da aka ɗauka bayansa kai tsaye, Barry Sanders, Derrick Thomas da Deion Sanders, duk sun shiga sahun gwarazan tarihin wasan.

A 2018 aka ga akasin haka. Orlando Brown na jami'ar Oklahoma ya yi gwajin da aka yi ta yi wa dariya: ya ɗaga ƙarfen sau 14 kacal, ya yi gudun a daƙiƙa 5.85. Ƙungiyoyi suka ja baya, sai a zagaye na 3, lamba ta 83, Baltimore Ravens ta ɗauke shi. An zaɓe shi cikin fitattun gasar shekara 4 a jere, ya kuma ci kofin Super Bowl da Kansas City Chiefs a Fabrairun 2023.

Darasin bai da wuyar ganewa. Awo yana da amfani wajen tankaɗe da gano matsala, amma abin da mutum ya yi a fili, a kan abokan karawa na gaske, cikin dogon lokaci, shi ya fi faɗin gaskiya. Labarin Mandarich kuma ya ƙara da cewa ƙarfin da ba a san tushensa ba abin tuhuma ne.

Me ya sa suke son ƴan kokowa

Masu horar da waɗannan ƙatti a Amurka sun daɗe da lura cewa yaron da ya yi kokowa yana zuwa da rabin aikin a hannu. Tristan Wirfs, wanda Tampa Bay ta ɗauka na 13 a 2020 kuma ya ci kofi a shekararsa ta farko, zakaran kokowar makarantun sakandare ne na jihar Iowa. Stephen Neal ya zama zakaran duniya a kokowar zamani a 1999, bai buga ƙwallon a jami'a ba, amma ya yi shekaru a layin New England Patriots. Shi kuwa Jordan Mailata, ɗan Ostareliya mai tsayin mita 2.03, zari-ruga yake bugawa. Philadelphia Eagles ta ɗauke shi na 233 a 2018 bai taɓa buga wasan ba, ta yi haƙuri da shi har 2020 kafin ya fara shiga wasan gasa, kuma shi ne katangarta ta hagu lokacin da ta ci kofi a Fabrairun 2025.

NFL ta kuma juyo Afirka. Ta hannun Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasa mai asali da Najeriya, ta buɗe sansanin gwaji a Ghana a Yunin 2022, a Kenya a 2023, sannan a Legas a 2024. Roy Mbaeteka, ɗan Najeriya da ya fito daga ƙwallon kwando, ya sa hannu da New York Giants a 2022 a matsayin katangar gefe. Cikin mutum 8 da shirin ƴan wasan ƙetare ya raba wa ƙungiyoyi a 2023, 6 ƴan Najeriya ne.

Matamaye ba ta da nisa da wannan kasuwa: hanyar Ɗan Barto tana kai mutum Daura da Kano cikin yini. Amma ya kamata iyaye su ji sauran labarin. Akasarin waɗanda aka ɗauka ta wannan hanya suna zama ne a rukunin masu atisaye, ana iya sallamarsu a kowane mako. Ana neman matasa masu tsayin da ya kusa mita 2, waɗanda za su iya koyon dokoki masu yawa da Ingilishi. Ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Ƙasar Kance ta san kuɗin da ake biya wa mafarkin tafiya: a Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga wannan yanki. Duk wanda ya zo ƙauye yana neman kuɗi don ya kai yaro wasa Turai ko Amurka, sai an tambaye shi takardu da sunan ƙungiyar da ta aiko shi, a kuma kai maganar ga hukumar wasanni kafin a sayar da ko akuya.

Ga saurayin Matamaye, kasuwar da take a buɗe da gaske ita ce ta gida: takobi, doki da kayansa, miliyoyin sefa, kyaututtukan ƴan kasuwa, da suna da Tele Sahel ke kaiwa kowane lungu na ƙasa.

Abin da gunduma za ta iya yi da abin da ke hannunta

Ba a buƙatar kuɗin Amurka kafin a gyara tacewa. Abu na farko shi ne littafi. Ƴan kokowar gunduma suna karawa da juna a bukukuwa da ranakun kasuwa tsawon rani, amma sakamakon yana zama a bakin mutane, kuma baki yakan tuna kayen da ya burge ya manta sauran. Idan kwamitin gunduma ya riƙa rubuta wa ya kara da wa, wa ya yi kaye, ta wace hanya, a cikin minti nawa, to bayan shekara 2 zai san wanda ke kayar da manya da wanda ke tara nasara a kan ƙanana. Wayoyin hannu sun riga sun ɗauki yawancin waɗannan karawa, abin da ya rage a tara su wuri guda.

Na biyu, sikeli da magwajin tela. Tunda gasar ba ta raba nauyi, tawagar da ta cika da masu nauyi iri ɗaya tana da makafin gurabe. Sanin nauyi, tsayi da tsawon hannun kowa yana taimaka wa mai horarwa ya haɗa abokan atisaye da suka yi kama da waɗanda za a tarar daga Doso ko Tawa. Yana kuma buɗe wata ƙofa: a gasar kokowar ƙasashen yammacin Afirka ana karawa ne aji-aji, kilo 66, 76, 86, 100 da 120. Yaro mai kilo 75 da ba zai kai ga takobi ba yana iya zama wanda ƙasa ke nema a ajinsa, in an san da shi.

Na uku, shekaru. Samarin karkara da dama suna riƙe da takardar haihuwar da aka yi daga baya, mai cewa an haife su wajen shekara kaza. Ɗan shekara 19 da ya zo na 4 a gunduma da ɗan shekara 31 da ya zo na 2 ba darajarsu ɗaya ba ga jihar da ke tunanin gobe. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, sai dai in ba a san ranar ba.

Na huɗu, likita. Gwiwa, kafaɗa da wuya su ne jarin ɗan kokowa, kuma wanda ke son shiga tawaga ba zai faɗi ciwonsa da kansa ba. Duba jiki a asibitin gunduma kafin tacewa zai hana a tafi da mai raunin da zai tashi a rana ta uku. Haka kuma ba boyayye ba ne cewa tiramol ya yaɗu tsakanin masu aikin ƙarfi a yankin. Yaron da aka fara yi wa bayani da gwaji tun daga gunduma ya fi wanda sai ya yi suna sannan a kama shi.

Tsohon hannu ko sabon jini

Ko da an yi duk wannan, akwai shawarar da lissafi ba zai yanke ba. Tsohon ɗan kokowa ya san filin ƙasa, ba ya firgita da ihun dubban mutane, ya san yadda ake kauce wa gargaɗin alƙali. Yana da magoya baya, makaɗa da masu gida, cire shi yana jawo surutu. Sabon yaro kuwa zai iya faɗuwa a rana ta farko don tsoro. Mai zaɓen da ke tsoron zargi zai ɗauki tsofaffi 10, jihar ta wayi gari bayan shekara 3 babu magaji.

Misalin Mailata ya nuna wata hanya. An ɗauke shi don abin da zai zama, aka ba shi shekara 2 yana koyo ba tare da an ɗora masa nauyi ba. Jiha na iya yin kwatankwacin haka ba tare da taɓa gurabe 10 ba: ta kira matasa 4 ko 5 daga gundumomi su zauna a sansanin horo tare da manya, su ci abinci ɗaya, su sha kaye a atisaye, su ga yadda ake shiri.

Wa ke cin moriyar wanda ya raini yaro

Akwai wani bambanci da ya fi kowanne nauyi. Tsarin Amurka an gina shi ne don raunana su fara zaɓe. A kokowar Nijar ruwa yana gangarawa ne inda ya fi zurfi: ɗan kokowa na iya ɗaukar sunan jihar da ba a can aka haife shi ba, kuma inda aka fi samun aiki, masauki da mai ɗaukar nauyi can ake nufa. Ba laifin yaro ba ne ya bi abincinsa. Amma ƙauyen da ya ciyar da shi, da tsohon ɗan kokowar da ya koya masa kamu, ba sa samun komai idan ya tafi.

A ƙwallon ƙafa, hukumar FIFA ta tanadi diyyar horo ga ƙungiyoyin da suka raini ɗan wasa. Hukumar kokowa ta ƙasa na iya duba irin wannan a ƙaramin mataki: lasisin da ke nuna gundumar da yaro ya fara, da wani kaso da zai koma can idan ya canza jiha ko ya ci babbar kyauta. In babu wannan, gundumar da ta fi kowa iya tacewa ita za ta fi kowa asara, domin littafinta zai zama jagora ga masu zuwa ɗauka.

Kokowa ba kamfani ba ce. Kirari, kiɗa, layu da ƴan cali-cali suna cikin abin da ke tara jama'a, kuma idon dattijon da ya yi shekara 30 a bakin fili yana ganin abin da sikeli ba ya gani. Amurkawa ma, da duk na'urorinsu, sun ɗauki Mandarich na 2 sun bar Brown har lamba ta 83. Abin da suka fi ƙarfi a kai shi ne suna ajiye shaida, suna komawa su duba inda suka yi kuskure. Kwamitin gunduma da ya sayi littafi mai shafi 200 da sikeli ɗaya a wannan kaka, ya kuma sa malami guda ya riƙa rubutawa, zai je tacewar jiha a Damagaram da hujja a hannu idan aka tambaye shi dalilin kawo wane ya bar wane.